Layin da Na Ja a Littafin Sabi'u

Alhamis, 1 ga Mayu 2025

Yau kwana arba'in da uku da rasuwar Sabi'u, ƙanena, autan Inna. Allah Ya jiƙanshi, Ya sa can ta fi mashi nan.

Malam, maigidana, ya je da safe sunka kwashe shagonshi na bakin tasha. Gwangwanayen fenti, burushi, da allunan shaguna da bai gama rubutawa ba. Akwai na wani mai shayi na Ƙonni, ya yi rabin Faransancin ya bar sauran. Malam ya aje mani wani babban littafi mai baƙin bango a kan tabarma, ya ce, "Wanga ke ya dace ki riƙe, Sa'a. Ke kinka goye shi."

Ban buɗe ba sai bayan la'asar.

Mutane ne a ciki. Shafi bayan shafi, da fensir. Masu lodin albasa. Masuntan Kalmalo suna ɗinkin koma. Dillalai biyu a kara, kasuwar shanu, sun cusa hannu cikin riga ɗaya suna ciniki. Tsohuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta ƙofar asibiti, har giɓinta. Amma makaɗa sun fi yawa: mai kalangun mahauta, mai gurmi, makahon nan mai goge. Ƙarƙashin kowa ya rubuta sunanshi da biro, da wata magana da mutumin ya faɗa, sama ajami, ƙasa boko. Wani harafin kamar igiya, wani kamar ƙahon sa.

Na san yana rubutu a jikin motoci da shaguna. Wannan ban sani ba. Ya ɓoye mani, kuma na san dalili.

Juma'a, 2 ga Mayu

Abinci ya ƙi shiga.

Tun ina ƙarama nike ji a makaranta, mai zana abu mai rai za a ce mashi ranar ƙiyama ya hura mashi rai, ba kuwa zai iya ba. Na ƙirga, mutum arba'in da biyu. Sabi'u da ko kaza bai iya yankawa, a tsayar da shi a ce mashi hura?

Malaminmu, Malam Halliru, Allah Ya gafarta mashi, ya taɓa ce mana idan anka raba kai da gangar jiki, hoto ya tashi daga hoto. Wannan maganar ce ta wuni a kaina.

Asabar, 3 ga Mayu

Na yi.

Na dama tawada mai kauri, irin wadda nike zayyanar allunan masu sauka da ita, na ƙara ƙaro don ta kama. Na fere sabon alƙalami mai faɗin baki. Na zauna a inuwar ɗakin girki, na bi wuyan kowa na ja layi, daga wannan gefe zuwa wancan. Kowane layi da istigfari, a madadinshi.

Akwai wani Bafillace mai sarewa, an rubuta Jaɓɓo. Ya sunkuyar da kai, gemu ya rufe wuya, ban ga inda zan ja ba. Sai na ja ta kan bakin. Tawada ta ɗiga, na ƙara wani layin a kai don ya daidaita.

Na gama kafin azahar. Na ji sanyi a zuciya, wallahi na ji.

Duka na yi. Kusan duka.

Lahadi, 4 ga Mayu

Innalillahi.

Altine mai nono ta zo kamar kowace ranar kasuwa. Shekara shida tana kawo mani nono daga rugarsu ta wajen Araba. Ta sauke ƙwarya, ta auna, ta ƙara mani gyara har ludayi biyu, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "'Yar Fillo, yau mi ya faru, saniya ta haifi tagwaye?" Ta yi dariya, ba ta tashi ba. Ta yi mani ta'aziyya karo na uku. Ta tambayi zafi, ta tambayi Malam, ta tambayi ɗalibaina. Sai da ta naɗa gammo ta warware sau biyu sannan ta ce, kanta a ƙasa:

"Inna Malama, wai marigayi yana da wani littafi."

Na ce e.

"Baffa na ciki."

Ban gane ba sai da ta ce mai sarewa. Ba ta faɗin sunan, ubanta ne. Shekara shida ban taɓa tambayar ɗiyar wa take ba.

Ya rasu da kakar bara. Bai taɓa yarda an ɗauke shi a waya ba, ko ɗiyanshi sunka ɗaga sai ya rufe fuska da malfa. Amma Sabi'u ya yi ta zuwa ruga ranar Talata yana zama kusa da shi yana jin busa, har ya bar shi ya zana. Ta ce da ya gama ya nuna masu, Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka shanu ke ganina." Innarta ta yi dariya har da hawaye.

Idan ruwa ya sauka manoma sunka fara shuka za su tashi su yi arewa da shanu. Innarta ta tsufa, ta ce bana in ta tafi ba lallai ta dawo ba. Tana son ta ƙara ganinshi sau ɗaya. Ko aro ne, a kai mata ta gani a maido.

Littafin na ƙarƙashin filona, taku huɗu daga inda take zaune. Na ce, "Zan duba cikin kayan."

Zan duba! Ni da ke koya wa matan unguwa babin gaskiya ranar Asabar da Laraba.

Talata, 6 ga Mayu

Na buɗe shafin na rufe ya fi sau goma. Idanu na nan, hanci na nan. Baki da gemu da bakin sarewar sun shige cikin baƙi.

Da ta zo Lahadin da ta wuce waccan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ƙara ɓata abin.

Tunani ya zo mani ina wanke allunan ɗalibai: ai tawada wankuwa take. Shekara arba'in ina ganin rubutu na sauka daga allo da ruwa kaɗan, allo ya koma kamar ba a taɓa ba. Na ce ashe abin mai sauƙi ne. Har na gode Allah.

Na cire shafin daga littafin, na jiƙa bakin tsumma, na goga a hankali. Baƙin ya tashi, amma bai sauka ba, yaɗuwa ya yi. Ya haura hanci. Na ƙara ruwa in kore shi, ya shiga idanu. Na goga da ƙarfi. Takardar ta yi laushi, ta murje a ƙarƙashin yatsana kamar tuwon da ya kwana, na ga tabarma ta cikin ramin.

Takarda ba allo ba ce. Yaron goye ma ya san haka.

Yanzu daga malfa zuwa kafaɗa babu komai sai rami mai baƙin baki. Hannuwa biyu da sarewa sun tsira, da rubutun ƙasa.

Na shanya shi a kan faifai, na zauna kusa ina korar kaji.

Lahadi, 11 ga Mayu

Da na ji sallamarta a zaure na tayar da sallar walha. Na yi raka'a biyu, na ƙara biyu, na ƙara biyu. Ina ji tana cewa, "Inna Malama na nan?" Ta jira, ta jira. Daga baya na ji ƙarar ludayi, sannan shiru.

Na fito na iske ta zuba nonon a kwanona ta rufe da faifai. Faifan da na shanya ubanta a kai.

Wannan sallar ban san inda za a rubuta ta ba.

Talata, 13 ga Mayu

Malam ya dawo daga Ƙonni da rana, ya ce in ba shi littafin, wani direba na son ya ga irin rubutun da Sabi'u ya zana mashi na bayan mota. Ba yadda zan yi.

Ya buɗe, ya juya shafi, ya juya. Ya cire tabarau ya mayar.

"Sa'a, yaushe kinka shiga sana'ar fawa? Yanka arba'in rana ɗaya, ko Sarkin Fawa sai ya nemi taimako."

Na fashe da kuka. Ya san wasan bai zauna ba. Na faɗa mashi komai, har Altine, har walha.

Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba zai yi mani fatawa ba, na fi shi karatu. Ya ji malamai na magana kan zane, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, Allah Ya san niyyata kuma Ya san ta Sabi'u. "Amma yarinyar nan da ke zuwa ƙofarki tana komawa, wannan ban ji malamin da ya yi saɓani a kai ba."

Ya kai wajen ƙarshe ya ga alamar an yage wani shafin, ban da na Jaɓɓo. Ya dube ni. Bai tambaya ba.

Laraba, 14 ga Mayu

To, in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni.

Arba'in da biyu na ƙirga, arba'in da ɗaya na ja wa layi. Ta arba'in da biyun Inna ce. Tana zaune kan kujerar tsugunno tana kaɗi, mazari na lilo, ta karkatar da kai yadda take yi in tana sauraron magana ba ta son a sani. Ƙarƙashi ya rubuta: "Ku ci, ni na ci a tukunya." Shekara tara da rasuwarta, har na fara manta yadda goshinta yake.

Na kai alƙalami har wuyanta. Na ɗauke. Na yage shafin a hankali na sa cikin akwatin zannuwana.

Kenan in tsoron azabar Sabi'u ne, na bar mashi rai ɗaya da za a ce ya hura. In kuwa abin bai kai haka ba, don mi na yi wa uban wata? Ta ko'ina na juya maganar ni ce a ƙasa.

Wani abu kuma. Ni na fara nuna mashi. Yana shekara huɗu, ina goma sha uku, bayan ɗakin Inna, na zana mashi zabuwa a ƙasa da tsinke, na ɗiɗɗiga mata zane. Ya yi ta tsalle. Na yi ta yi mashi, akuya, jaki, mai tallan fura. Ranar da anka kama ni na zana zakara a bayan allona na sha bulala bakwai, na daina, na koma zayyana inda ba ido ba baki. Shi bai daina ba. Ya girma ina yi mashi wa'azi a kan abin da ni na koya mashi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse. Na ji daɗi da ya watse. Manoma na roƙon ruwa ni ina jin daɗi. Astagfirullah.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na jira ta a zaure da kaina don kada in sami hanyar gudu.

Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗauko shafin, na aje gabanta. Na ce ni na yi, da hannuna, ba yara ba, ba ruwan sama ba. Na faɗa mata dalili. Na faɗa mata ranar da ta tambaya yana ƙarƙashin filona.

Fulani da kunya, ko kuka ba ta yi a gabana ba. Ta sa yatsa a gefen ramin ta zagaya shi. Sannan ta gangaro kan hannuwan, ta tsaya.

"Ga ɗan yatsan da saniya ta taka," ta ce. "Bai lanƙwasuwa. Har shi ya sa."

Ta ce in karanta mata rubutun. Na karanta: "Jaɓɓo mai sarewa, Araba. Shanu ba su tafi, amma suna barin ciyawa su saurara."

Ta rufe baki da gefen mayafi.

Da na tsaya nan da an ce na yi gaskiya. Amma na tashi na buɗe akwati na kawo Inna, na aje kusa da nata. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta daɗe.

"Taki kin bar ta," ta ce.

Ba da faɗa ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Ta aza ƙwarya ta tafi, ba ta auna nono ba, ni ma ban tuna ba. Shafin ta bar shi.

Litinin, 19 ga Mayu

Taki kin bar ta.

Laraba, 21 ga Mayu

Na sallami ɗalibai da wuri, na ce kaina ke ciwo. Yana ciwon, ba ƙarya na yi ba.

Akwai sabon allo da anka kawo don zayyana, ba a taɓa rubuta aya a kai ba, mai shi ya fasa sauka sai bayan Sallah, zan sa a sassaƙo mashi wani. Na buɗe littafin Sabi'u ina duba yadda yake fara ido. Ashe ba da ido yake farawa ba, da ƙashin gira yake farawa, ana ganin sawun fensirin a ƙasa. Na gwada a allon. Dubawa kawai nike, in ga yadda abin yake. Allo ne, ana wankewa.

Na wanke sau tara.

Asabar, 24 ga Mayu

An yi yayyafi. Ƙasa ta yi ƙamshi.

Na taɓa ganin Jaɓɓo a kara sau biyu ko uku, daga nesa. Abin da ke fitowa a allon ba shi ba ne, ba kowa ba ne. Ɗaya ya yi kama da Malam in yana fushi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban zaci za ta zo ba. Ta zo. Ta gaishe ni a taƙaice, ta auna nono daidai, ba gyara.

Allon na jingine a bango, na manta ban juya shi ba. Ko ban manta ba, Allah Ya sani. Ta tsaya tana kallo.

"Wane ne wannan?"

Na ce ba kowa.

"In Baffa ne, to bayan ya sha kashi wurin sharo ne." Dariya ta kuɓuce mata, ta kama baki. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

Ta ce kowa a ruga na cewa ita ce shi, gemu kawai ta rasa. Ta sauke ƙwarya, ta zauna bakin rijiya, ta ɗan ja mayafi baya, ta sunkuyar da kai kamar mai busa. "To duba nan, Inna Malama, ki bar ƙirƙira."

Ban taɓa kallon fuskar mutum haka ba. An hore mu da sunkuyar da ido. Ashe girarta ta hagu ta fi ta dama tsawo. Ashe akwai ɗan rami ƙarƙashin idon.

Ta yi ta ba ni umarni kamar ita ce malamar. Hancin ya yi faɗi, mu ba Haɓe ba ne. Tsaga uku nan gefen baki. Gemun ba na limami ba ne, ɗan tsiriri ne kamar na bunsuru, Allah Ya jiƙanshi shi ma haka yake cewa. In na ɓata in wanke wurin da tsumma in sake. Nononta na zaune a rana, na ce kasuwa za ta watse, ta ce ta watse.

Wajen la'asar na gyara fatar idon dama, na sauko da ita kaɗan. Ta leƙo. Ba ta ce ya yi ba. Ta juya mani baya ta fuskanci bango, kafaɗunta na motsi.

Na koma ɗakin girki na yi ta motsa tukunyar da ba komai a ciki.

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai, har zaure. An fita shuka.

Na kwafi hannuwan da sarewar daga shafin Sabi'u, da ɗan yatsan da bai lanƙwasuwa. Nawa ba su kai nashi ba, ko kusa. Rubutun ƙasa kuwa na yi shi da ajami yadda na iya, nan ban ji tsoron kowa ba. Na zagaye da zayyana ja da ɗorawa. Malam ya leƙo ya ce, "Uhm." Ya ƙara cewa, "Uhm." Ya fita. Ya dawo da kwalbar man da Sabi'u ke shafa wa alluna don kada ruwa ya ci rubutu, ya aje bakin ƙofa.

Ban taɓa ba tukuna. In an shafa wannan ba wankewa.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jibi za su tashi. Ta zo sallama.

Na ba ta allon a naɗe cikin zane, da shafin Sabi'u mai ramin, don hannuwan nashi ne na gaskiya. Ta ce aro ne? Na ce ba aro ba ne. Na roƙe ta gafara, na ce ta roƙar mani Innarta. Ta ce, "Sai ta gani tukuna. In ta ce ba shi ba ne, da kaka zan dawo maki da shi ki gyara." Ta sa cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta aza.

Gyara ludayi ɗaya ta yi mani yau.

Litinin, 2 ga Yuni

Na mayar da Inna cikin littafin, na liƙe da ƙaro a inda na yage ta. Ta zauna tsakanin mutanen da na yanka. In na buɗe sai in ga kamar ni take sauraro. Haka ya kamata.

Jiya da safe, kafin Altine ta iso, na dama tawada na ɗauki alƙalami mai faɗin baki in ja layi a wuyan zanen allon, siriri, inda ba zai ɓata komai ba. Wannan karon ai ni za a tambaya, ba Sabi'u ba. Na ce bari in fara shafa man, in ya so in ja daga baya. Tawada ba ta kama kan mai. Na san haka tun kafin in buɗe kwalbar.

Allah Ka gafarta mani, Ka gafarta wa Sabi'u, Kai Ka san abin da ke cikin ƙiraza.

Akwai shafi goma sha ɗaya a ƙarshen littafin da bai taɓa ba. Na ƙirga ne kawai. Fensirinshi na aljihun bangon littafin, bakin ya dakushe, na fere shi don kada ya lalace.